Kunnen Hagu na Motar Sufyanu

Sufyanu ya ce in aka ajiye motarsa kusa da ta asali, Turawan da suka ƙera ta asalin sai sun koma sun buɗe takardunsu kafin su gane wacce ce tasu. Ya faɗi haka a fada wurin shan shayi, ya faɗa a bakin masallaci bayan la'asar, ya kuma faɗa wa matarsa Rahila, wadda ba ta tambaye shi ba.

Ta asalin tana Ibohamane, a bayan wani garken awaki, ba taya, ba gilashi, kaji suna saka ƙwai a kujerar direba. 'Yar kat-kat ce, irin motar nan mai hawa duwatsu, ta wasu Turawan foroje, wato aikin raya karkara, da suka zo dasa itace da tare ruwa a kan tudu tun kafin a haifi Sufyanu. Foroje ya ƙare, Turawa suka tafi, ita ta zauna. Sufyanu ya gan ta ne ranar da ya je kafa wa wani mutum ƙofa, don sana'arsa ke nan, waldar ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Ya dawo garinsu Deule bai taɓa tuwonsa ba. Washegari ya goge allon shagonsa ya sake rubutu. Tun daga ranar babu mai walda a unguwar, sai Injiniya.

Sau goma sha ɗaya ya koma Ibohamane da metir da littafi. Ya kori kaji, ya shiga ƙarƙashin gawar motar nan ya gwada komai, har abin da tsatsa ta riga ta cinye ya gwada gurbinsa. Sannan ya share rabin tsakar gida, ya tara tano, wato gangunan ƙarfe, da guntayen ƙofofi, ya samo injin wata tsohuwar mota daga Madawa, ya shiga bugu. Shekara biyu yana bugu. Maƙwabta suka daina jin carar zakara, sai dai su ga ya buɗe baki.

Gaskiya dai, kuma Rahila ba ta ƙin faɗin gaskiya in ta zama dole, abin ya fito kamar mota. Tana da taya huɗu, tana tashi in an tura, tana da oda mai ƙarfi fiye da injinta. Ya shafa mata farin fenti, ya zana ɗan itace kore a jikin ƙofa kamar yadda ya gani a ta asali. Da don kallo aka yi ta, da Rahila ba ta ce komai ba.

Amma Rahila tana da ciki wata takwas, kuma ungozomar likitar gari, ɗan asibitinsu, ta latsa ta saurara ta ce biyu ne, ba ɗaya ba, don haka ba a gida za ta haihu ba. Da naƙuda ta motsa, a kai ta babban asibitin Buza. Hanyar Buza kuwa duwatsu ne aka zuba, aka manta ba a dawo an kwashe ba, ga ƙorama a tsakiya. Akwai motar haya ta Alhaji Tanimu da ke bin hanyar kullum, kowa ita yake shiga. Sufyanu ya ce 'ya'yansa ba za su fara ganin duniya a motar da ake ɗaukar awaki ba. Ya riga ya gaya wa fada, fada ta gaya wa gari, cewa tafiyar farko ta motar Injiniya ita ce kai matar Injiniya haihuwa. Rahila ta san ranar da abin zai zo ba za ta sami numfashin gardama ba. Ɗaukarta za a yi a saka, ana yi mata sannu. In akwai maganar da za ta yi, yanzu ne.

Ita tela ce. Ba wanda ya koya mata. Ta bar lakkwal a aji uku, ta warware wata tsohuwar rigar uwarta zare bayan zare don ta ga yadda aka haɗa, ta sake haɗawa, ta sake warwarewa, har hannunta ya gane. Kekenta yana ƙarƙashin rumfa, daidai bayan motar, don haka wata da watanni abin da take gani in ta ɗaga kai shi ne gindin motar mijinta. Kuma idon da ya saba da hannun riga ba ya iya ganin abu biyu ya ƙyale su bai gwama ba.

A bayan kowace tayar baya akwai amortisar, ƙarfen nan mai kama da gorar ruwa da ke shanye girgiza in taya ta faɗa rami. Samansa ana ɗaure shi ne a jikin wani kunnen ƙarfe da aka liƙa wa shasi. Na dama yana tsaye kyam, da ɗan jingina kaɗan, kamar mutum mai jiran a gama sallama. Na hagu kuwa ya kifa gaba, ya duƙa, kamar tsohon da allura ta faɗi masa a ƙasa.

Ta jira ya tafi azahar. Ta jawo tabarma, ta kwanta a gefe ɗaya da ƙyar, ta tura hannu da metir ɗinta na ɗinki. Ta gwada sau biyu. Kunnen hagu ya fi na dama matsawa gaba da santi goma sha tara, ya kuma fi shi sauka ƙasa da santi biyar. Tashi daga tabarmar ya fi gwajin ɗaukar lokaci.

Da ya dawo ta ajiye masa fura, ta bari ya kai ludayi na uku.

"Injiniya, kunnuwan motag ga ba daidai suke ba."

Ludayi ya tsaya a hanya. "Wa yac ce ki taɓa ta?"

"Ban taɓa ba. Gwadawa niy yi."

Ta zaci zai yi faɗa. Maimakon haka sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa bushara. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan da ya sha baƙin mai, ya lashi yatsa ya buɗe.

"Nawa kis samu?"

"Sha tara gaba. Biyar ƙasa."

Ya juyo mata da shafin. Sha tara. Biyar. Ya buga littafin da bayan hannu. "Kin gani? Ko santi guda ban kuskure ba! Yadda shi ke can Ibohamane, haka shi ke nan. Rahila, ke da kanki kin ba da shaida."

"Na ba da shaidar a karkace shi ke."

"A karkace!" Ya yi dariya ya dubi sama, kamar yana neman wanda zai taya shi. "Nan ilimin ya ɓoye. Wanga shi a ka ce ma asimetri."

Ya faɗi kalmar a hankali, ya bar ta ta ɗan zauna a tsakar gida.

"Wane irin abu na asimetri?"

"Abin da ba a koya ma masu ɗinkin zane. Direba hagu shi ka zama, ko? Nauyi hagu. Sannan duniya juyawa ta ka yi, ba tsaye ta ke ba, Turawa sun lissahwa wanga duka. Kina tsammanin mutanen da sunka ƙera jirgin sama ba su iya gwada santi sha tara ba?"

"Ban sani ba. Mu dai in hannu guda ya hi guda tsawo, mai riga maido muna ita ta ka yi."

"Shi ya sa har yau riga ku ka ɗinki."

Ya koma kan furarsa. Ita ta koma kan kekenta. Ta taka shi na ɗan lokaci, sannan ba tare da ta ɗaga kai ba ta ce tana da roƙo. Tunda ita za a ɗauka, a fara gwadawa da abin da in ya fashe ba za a yi zaman makoki ba. Tana da tulu biyu, hannun mace ɗaya, gashin rana ɗaya. A cika su da ruwa, a ɗora a bencin baya kan gammo, ɗaya dama ɗaya hagu, a je bakin ƙorama a dawo.

Sufyanu ya ce ai wannan shi ne abin da ake kira gwajin kimiyya, dama yana cikin shirinsa.

Da safe ya kira Mati, abokinsa na fada, mutum mai gemu da 'ya'ya biyar wanda tun suna yara bai taɓa cewa Sufyanu a'a ba. Aka ɗora tuluna. Mati ya zauna a tsakiyarsu don ya tallafe. Mutane huɗu suka tura, mota ta yi tari ta kama, suka fita da oda. Rahila tana zaune tana jin su har suka bar gari, don duk dutsen da tayar hagu ta hau sai an ji gwaram, kamar an jefar da tano daga kan soro.

Suka dawo bayan rabin awa. Tulun dama ya zubar da kusan rabi, amma yana nan da ransa. Na hagu wuyansa kaɗai ya dawo, a hannun Mati. Mati ya jiƙe daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma ya sauko yana magana a hankali don ya ciji harshe.

"Ƙaƙa hanya, Mati?" in ji Rahila.

Mati ya dubi Sufyanu. "Lahiya lau. Tana da ƙarhi, walla."

"Mi yas samu tulu?"

"Gashin bai yi ba," in ji Sufyanu, yana kakkaɓe hula. "Tun da nig gane shi na san ɗanye na. Tukwanen Adar ba don mota anka yi su ba."

"Ni ma Adar anka yi ni."

Mati ya fara dariya, harshe ya tuna masa, ya daina.

Sufyanu ya ce to sai ta zauna a dama, magana ta ƙare. Rahila ta ce ungozoma ta ce a kwance za a kai ta, benci kuwa ɗaya ne, daga dama zuwa hagu. Don haka ya zaɓa, kanta za a ɗora a inda tulun ya mutu, ko cikinta. Ta ce ita duk ɗaya ne a wurinta, amma a sanar da ita da wuri.

"Aikin awa guda na," ta ce. "Ka yanke kunnen ga, ka maida shi daidai da ɗan'uwanai, ka liƙe. Ƙohwa nawa kay yanke kas sake liƙewa gidan ga?"

"In nit taɓa shi ta tashi daga irin ta asali. Ta koma motak kowa." Ya ɗora hannu a kan ɗan itacen da ya zana. "Shekara biyu, Rahila. Ko ɗigon walda ba ni canzawa."

Ya fita fada, inda kafin la'asar labari ya zama cewa motar Injiniya ta je ƙorama ta dawo a minti goma, ƙarfinta har ya fasa tulu.

Rahila ta zauna da wuyan tulun a kan cinyarta, biyun da ke ciki suna ta nasu shure-shuren. Ba lissafin juyawar duniya take yi ba. Wata riga ta tuna. Farkon fara ɗinkinta, Hajiya Hamsatu ta aiko mata da tsohuwar riga da sabon yadi, ta ce a ɗinka irinta sak. Rahila ta kwafe ta sak, har wata 'yar tattara da ta gani a kafaɗar dama, ta ɗauka sabon yayi ne daga Yamai. Ta ma ƙara gyara tattarar ta fito sosai. Ashe ƙusa ce ta taɓa yaga rigar aka kama wurin da zare. Hajiya ta biya ta da magana har ta isa.

Ta ɗauki salula ta danna wa yayarta Salima, wadda ke aure a Ibohamane, saƙon murya.

"Yaya, ina wuni, ƙaƙa yara. Nauyi dai sai godiya. Don Allah motan nan da kaji ka kwana ciki bayan garke, ki tambaya min tsohhi, wa ka tuƙa ta zamanin Turawa? Shina raye? Kak ki ce ni at tambaya."

Kwana biyu amsa ta zo, minti shida, biyar daga ciki labarin bikin wata ne. A na shidan Salima ta ce sunan direban Gado, yana nan da ransa a Babankatami, yana sayar da kanwa da taba ranar kasuwa, kuma an ce in ya fara labarin foroje sai dai mutum ya ce zai je ya kama ruwa.

Rahila ta jira sai da ta ajiye tuwo a gaban Sufyanu da Mati.

"Ashe direban motan nan ta Ibohamane shina raye," ta ce, tana gyara murfin kwano. "Allah sarki. Tsoho zai mutu bai ga an tada motatai ba."

Sufyanu ya ajiye loma. Ana iya ganin abin yana shiga kansa yana neman wurin zama. Mutumin da ya tuƙa ta asali, da hannunsa, ya zo gaban jama'ar Deule ya rasa bambanci. Ya dubi Mati. Mati ya ce dama shi ma abin da yake tunani ke nan.

"Juma'a," in ji Sufyanu. "Bayan an sauko. Mati, kai za ka ɗauko shi bisa moto."

"Tunda Mati na nan, shi zama shaida," in ji Rahila. "In tsohon ga yac ce haka kunnen ga yaz zo daga Turai, na shiga motak ka in kwanta, kaina hagu, ba ni ƙara cewa uffan. In yac ce ba haka ba, ka yanke ka gyara kahin ranata. In ba ka gyara ba, motar Alhaji Tanimu, da awakinta."

"Na yarda," in ji Sufyanu, bai ko bari ta rufe baki ba. "Mati, ka ji ta. Kada gobe a ce tilas niy yi mata."

"Na ji," in ji Mati.

Rahila ta koma ɗaki. Sai a lokacin ta lura ba ta san komai ba sai rigar Hajiya Hamsatu. Wataƙila duniyar tana juyawa ɗin. Wataƙila Turawan haka suka ga dama. Ta yi alkawari gaban shaida, kuma tsohon da bai san ta ba shi zai yanke inda kanta zai kwanta.

Ranar Juma'a Sufyanu ya wanke mota sau biyu, ya turo ta ƙofar gida, ya sa farar riga mai aljihu uku, kowane aljihu da biro. Fada ta kwaso tabarmi da butar shayi. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya, mata suka leƙo ta kan katanga. Rahila ta sa aka fito mata da kujera 'yar tsugune bakin zaure, ta zauna ta miƙe ƙafafu.

Mati ya iso da tsohon a baya. Gado ɗan siriri ne, rawani ya fi shi nauyi, haƙoransa sun yi ja da taba. Ya sauka yana riƙe da ƙugu, ya juyo, ya ga motar.

Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

"La ilaha illallahu," ya ce. "Ke ta?"

Da motar yake. Ya matsa ya shafa ƙofa, ya shafa ɗan itacen nan kore, ya zagaya gaba ya leƙa fitilu. Ya buɗe ƙofar direba ya hau ba wanda ya taimake shi, ya kama sitiyari, hannunsa na dama ya tafi neman giya ya same ta daidai inda ya nema. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Baba," in ji Sufyanu. "Injiniya Sufyanu."

"Ɗana, Allah shi yi ma albarka. Shekara tara ina bisa kujerag ga. Har madubin ga da ba ya tsayawa, haka nata ya ke."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Sufyanu ya dubi inda Rahila take, ya gyara biro ɗaya. Ita kuwa ta fara tunanin matashin kai nawa za su shiga bencin baya.

Gado ya shiga labarin foroje: Bature mai jan gemu da ke cin barkono yana kuka, mata ɗari uku suna jera duwatsu a kan tudu, ranar da ya ɗauko buhun siminti ashirin. Aka yi shayi na farko, aka yi na biyu. Rahila ta ga in ta bari za a kai magariba.

"Baba, sannu da hanya," ta ce daga inda take. "Injiniya bai gwada maka wurin da ilimin ya ɓoye ba."

"Ina zuwa can," in ji Sufyanu. "Komi da lokacinai." Amma ya riga ya tashi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a bayan tayar hagu, ya durƙusa da farar rigarsa, ya kama hannun tsohon ya durƙusar da shi. 'Yan fada suka sunkuyo. Ya ciro biro ya mai da shi sandar nuni, ya ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji.

"Jama'a, kowa na iya kwaikwayon ƙohwa da hitila. Nan a ka gane injiniya. Ku dubi kunnen ga na hagu. Ba daidai shi ke da na dama ba, kuma da gangan na. Asimetri. Wasu," bai waiwaya ba, "sun ce in yanke. Sannan ku dubi sihhwatai. Na dama ƙarhe na miƙaƙƙe, kowane mai walda na yin shi. Wanga ko, ku gani, hwaɗi gare shi nan, ya lanƙwasa kamar tahin hannu, bakinai da kaihi-kaihi, ga 'yar wutsiya ta hito ta baya. Kwana tara niy yi ina bugun ƙarhe kahin in samu lanƙwasag ga. Wutsiyag ga ita ka hidda zahi in mota ta yi gudu. Baba, kai ka zauna da Turawan ga. Gaya musu."

Gado ya tura kai ƙarƙashin mota. Ya kai hannu ya shafa kunnen, ya bi lanƙwasar da yatsa har zuwa wutsiyar. Ya sake shafawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Mati ya zaci kuka ne ya fara cewa sannu Baba, sai tsohon ya fito da kai, rawani ya zame, yana dariya har da tari.

"Har shi kay yi? Kai, yaron ga! Har shi!"

"Ko santi guda ban bari ba," in ji Sufyanu.

"Walla ba ka bari ba." Gado ya share ido da bakin rawani. "Shekarar da anka yi ruwan nan mai yawa, na taho daga Keita, ƙorama ta ciko, nic ce ina wucewa. Ban wuce ba. Munka hwaɗa rami, kunnen hagu ya tsinke, ya tahi da naman shasi. Munka ɗaure da igiya munka ja jiki har kasuwa, wurin wani mai gyaran amalanke. Yad duba yac ce inda kunnen ya ke ba sauran ƙarhen da walda ka kamawa, sai dai a matsa gaba inda ya rage. Munka matsa. Sai kuma ba ƙarhen da za a yi kunnen da shi."

"Amma Turawan," in ji Sufyanu, "su sunka zana..."

"Wane Turawa? Suna Tawa wurin taro, ba su ma sani ba sai bayan sati. Akwai wani manomi da nid ɗauko bisa hanya, shi yab ba mu." Ya sake kai hannu ya ɗan ƙwanƙwasa kunnen da farce. "Kalme na, ɗana, hwartanya. Na noman hatsi. Wutsiyag ga ita ka shiga ƙota."

Butar shayi tana ta tafasa, ba wanda ya sauke.

Rahila ta gyara zama. "Baba, bayan nan ta ci gaba da tahiya lahiya?"

"Wace lahiya, ɗiyata? Don mu kai gida kawai munka liƙa shi. Tun ran nan duk wanda yaz zauna baya sai ya sauka da ciwon ƙugu. Wata guda munka yi da ita haka." Ya miƙa wa Mati hannu ya tashe shi. "Ai saboda kunnen ga anka aje ta."